3.2 Tarihin Auna Gubar Dalma a Ƙauyukan Haƙar Zinare na Zamfara

A wannan sashe za a duba yadda awon ƙasa ya tona asirin wata annoba da ta auka wa Jihar Zamfara. A watan Maris na 2010, likitocin ƙungiyar MSF da ke bibiyar cutar sanƙarau suka sami labarin yara na mutuwa da jijjiga a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu aiki ba. Sai da aka auna jininsu sannan aka gane dalma ce.

To, daga ina dalmar ta fito? A watan Mayu na wannan shekara, masana daga hukumar CDC ta Amurka da Blacksmith Institute da kamfanin TerraGraphics suka isa Dareta da 'Yargalma. Sun zo da wata na'urar hannu mai suna XRF, wadda ake ɗora bakinta a kan ƙasa, ta harba haske, nan take ta nuna irin sinadaran da ke ciki da yawansu. A lokacin, ƙa'idar Amurka ita ce kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan a ƙasar da yara ke wasa. A wasu wuraren an tarar da fiye da kashi 100,000, wato ushirin ƙasar dalma ce.

A ganin mai wannan bincike, abin lura shi ne wurin da aka sami gubar. Ramukan haƙa suna can daji, amma dutsen gida ake kawo shi, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa, a shanya a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Dutsen zinaren yankin kuwa cakuɗe yake da dalma, ga shi farashin zinare ya tashi a duniya. Yara wajen 400 suka rasu.

Awon ne kuma ya tsara aikin gyara. Tun da ba amfani a yi wa yaro magani ya koma cikin gubar, sai aka riƙa kankare saman ƙasar gidaje, a binne ta nesa, a zuba sabuwa, a sake aunawa. An gama ƙauyuka bakwai a 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira kuɗin Gwamnatin Tarayya har 2013. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a Shikira ta Jihar Neja.