Asalin Durɓi ta Kusheyi

Gabas da birnin Katsina, tafiyar kilomita 30 da 'yan kai, a ƙasar Mani, akwai wasu tuddai a tsakiyar gonaki. Baƙo zai wuce su bai waiwaya ba. Amma mutanen wurin tun kaka da kakanni sun san ba tuddan banza ba ne, shi ya sa suke kiran wurin Durɓi ta Kusheyi, wato Durɓi mai kaburbura.

An ce kafin a gina birnin Katsina na yanzu, a nan Durɓawa suka yi sarauta. Na farkonsu Kumayau, wanda ake cewa jikan Bayajida ne, na ƙarshe kuma Sanau. Masu ba da labari sun ce Sanau gwanin kokawa ne, ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba saboda wata laya da yake ɗaurawa a ƙugu. Sai ga baƙo daga 'Yandoto mai suna Korau. Ya yi dabara har matar Sanau ta tona masa asirin, aka raba sarki da layarsa, ranar kokawa Korau ya ka da shi, ya yanka shi, ya hau gadon sarauta. Durɓawa suka rasa mulki, amma sarautar Durɓi ba ta rasa daraja ba: har yau Durɓin Katsina yana cikin masu zaɓen sarki.

Wannan labarin baka ne. Me ƙasa ta ce?

A 1907 Baturen mulki Palmer ya fara tona tuddan, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 masana daga Jamus da na Nijeriya suka tona guda uku, kowanne da gawa ɗaya a tsakiyarsa. Aka kai kayan da aka tono birnin Mainz na Jamus aka yi shekaru ana gyara su. Abin da aka samu ya isa a jinjina: 'yan kunne da zobe na zinariya, mundaye na hauren giwa, duwatsun wuya, guntayen tufafi, ga wuri wanda asalinsa daga Tekun Indiya yake zuwa. Har da tasar tagulla da aka ƙera a ƙasashen Musulmi na Gabas, ta ratso Sahara a bayan raƙumi ta ƙare a kushewar wani babba a ƙasar Hausa. Bincike ya nuna an yi binnewar ne tsakanin ƙarni na 13 da na 16.

Ba a ga sunan Kumayau ko na Sanau rubuce a jikin komai ba. Sai dai tsofaffin da suka ce manya ne kwance a nan ba su yi ƙarya ba. An dawo da kayan Nijeriya a 2014, kuma ya kamata kowane ɗan makaranta a Katsina ya gan su da idonsa.