Tarihin Suɗar da Sulalla da Gangan a Amurka

A cikin masu tara tsofaffin sulalla a Amurka akwai wasu da sabon sule mai ƙyalli bai dame su ba, wanda ya fi kowanne suɗewa shi suke nema. Sunan da suke kiran wannan sha'awa da shi Low Ball, abin farautarsu kuwa sulen da kamfanin tantancewa zai liƙa wa lambar PO-1, wato matakin can ƙasa wanda babu na bayansa. Tun da irin waɗannan sulalla suka yi kuɗi, sai aka sami masu suɗar da lafiyayyen sule da gangan domin ya faɗo wannan mataki.

Asalin lambar daga William Sheldon ne, wani likita Ba'amurke. A 1949 ya fitar da littafinsa Early American Cents a kan manyan kwabban tagulla da ƙasar ta buga daga 1793 zuwa 1814, ya kafa ma'auni daga 1 zuwa 70. Shi lissafin farashi yake yi: kwabon da ya sami 70 ya ninka mai 1 sau saba'in a kuɗi. Kasuwa ba ta daɗe da bin wannan lissafi ba, amma lambobin sun zauna. A 1977 ƙungiyar masu tara kuɗi ta Amurka, ANA, ta wallafa ƙa'idojin da suka shimfiɗa ma'aunin a kan sauran sulallan ƙasar. Kamfanin PCGS ya fara aiki a 1986, NGC ya biyo baya a 1987, dukansu suna duba sule, su ba shi lamba, su rufe shi a cikin kwanson roba.

Abu biyu ne suka juya al'amarin. Kamfanonin suna fitar da ƙididdigar yawan sulallan da suka ba kowace lamba, kuma a 2001 PCGS ya buɗe rajistar gasa a intanet inda masu tarawa ke gwada tarinsu da na juna. Da mutane suka duba ƙididdigar sai suka ga a wasu nau'o'in, masu PO-1 sun fi sababbi ƙaranci nesa ba kusa ba. Daga baya aka ware wa masu neman ƙasa nasu fagen a rajistar, inda mai lamba mafi ƙanƙanta shi ne zakara.

Samun PO-1 na gaskiya yana da wuya ƙwarai. Dole sule ya suɗe har fuskarsa ta kusa zama sumul, amma a iya gane nau'insa da shekararsa da gidan da ya buga shi. Kada ya huje, kada ya lanƙwashe, kada a ga alamar wanki ko gogewa, domin in an gani ba a ba shi lamba ko ɗaya, sai dai a rubuta cewa na gaske ne amma yana da aibi. Tsakanin PO-1 da FR-2 da ke samansa tazarar ba ta fi gashin bakin sauro ba, haka ma tsakaninsa da ɓacewar shekara. Sulen senti biyar mai hoton bauna, na 1913 zuwa 1938, an ɗora shekararsa a tudu, sai ta riga sauran zanen gogewa. Sulen kwatar dala na 1916 zuwa 1930 shi ma haka ya yi fama, har a 1925 aka nutsar da shekarar cikin kwari.

Misalin da ya fi bayyana ƙarancin shi ne dalar azurfa ta Morgan da aka buga a Carson City, jihar Nevada. A 1884 an buga 1,136,000, amma fiye da 960,000 daga ciki sun kwana a buhuna a taskar gwamnati har shekarun 1970, lokacin da aka fara sayar wa jama'a. Sabuwarta tana ko'ina, wadda ta sha hannu har ta suɗe ita ce ba a gani. Dalar Eisenhower ta 1971 zuwa 1978 kuwa, yawancinta haɗin tagulla da nikel ne mai tauri, kuma ba ta zagaya sosai ba, don haka ita ma da wuya a sami wadda ta suɗe.

Hanyar farko ta suɗarwa ita ce aljihu. Tun da can akwai masu riƙe dala guda a aljihu shekara da shekaru don tunawa da uba ko ranar aure, kuma daga irin waɗannan ne PO-1 da yawa suka fito. Yanzu mutum yakan sayi sule mai lamba 3 ko 4, ya haɗa shi da wasu a aljihu, kullum yana murzawa, yana duban shekarar kada ta tafi. Masu gaggawa sukan jefa shi cikin injin gyaran duwatsu mai jujjuyawa, ko su bi shi da takardar yashi. Aikin inji yakan tona kansa: siraran ƙarce masu bin hanya ɗaya, ƙyalli marar daɗin gani, gefe da ya zagaye, da rashin duhun da shekaru ke bari a lungunan zane. Ƙwararrun masu dubawa suna gano da yawa daga cikinsu, ko da yake na aljihu ba ya bambanta da na kasuwa a ido.

Cin jikin sule tsohon abu ne. A da a Turai ana zuba sulallan zinariya a jaka a girgiza don a tara garin da ya zube, wasu kuma su yanke gefen na azurfa, abin da ya sa Ingila ta koma buga sulalla masu zane a gefe a 1662, ta kuma sake buga kuɗinta na azurfa a 1696. Waɗancan ƙarfen suke sata. Na yau shekaru yake ƙirƙira, kuma a ganina nan ne illar take, domin mai biyan kuɗi a kan PO-1 yana sayen shaidar hannuwan da sulen ya ratsa ne. Ga kuma asarar da ba ta gyaruwa, kowane sulen da aka murje don neman 1 a da mai 4 ne ko mai 6, yana ɗauke da zanen da ba zai dawo ba. Har yanzu masu tarawa ba su daidaita a kan aljihu ba, wasu na cewa ai amfani ne kamar kowane amfani, wasu na cewa niyya ta riga ta ɓata shi.