Wa ke ɗaukar asara idan tumatir ya ruɓe tsakanin Kura da Legas?

Tumatirin rani da ake nomawa a Kura da Bunkure da ruwan madatsar Tiga, da yawansa a Kwanar Gafan ake loda shi zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas. Sau da yawa takardar wabil ce kaɗai shaidar cinikin.

A dokar da Najeriya ta gada daga Ingila, mai motar da ke ɗaukar kayan jama'a shi ne da alhakin abin da ya ɓace ko ya lalace. Sai dai an cire kayan da ke ruɓewa da kansu, kuma tumatir na cikinsu. Amma idan jinkiri ko sakacin direba ne ya jawo ɓarnar, alhakin na kan mai mota, ko da yake tabbatar da jinkiri na da wuya idan wabil ba ta faɗi ranar isa ba.

Wasu takardun kan ɗora duk asara a wuyan mai kaya. Dokar kare masu saye, FCCPA ta 2018, ta haramta sharaɗin da ke wanke mai mota daga mummunan sakaci. Ɗan kamasho kuwa, muddin haɗa ciniki kawai ya yi, ba ya biyan ɓarnar hanya.