2.3 Tarihin Buɗe Mujallun Likitanci da Ɗora wa Marubuta Kuɗin Bugu

A wannan sashe za a dubi yadda aka faro sakin mujallun likitanci kyauta ga mai karatu, da yadda nauyin biyan kuɗi ya koma kan marubuci.

Tun a ƙarni na 19, zamanin da aka kafa The Lancet a Ingila a 1823, mai karatu ne ke sayen mujalla, ko ɗakin karatu ya biya masa kuɗin shekara. A shekarun 1980 da 1990 farashin mujallu ya yi tashin gwauron zabi, har jami'o'in Amurka suka rage waɗanda suke saye, balle na ƙasashe matalauta. Likita yakan ji labarin sabon magani, amma ba shi da halin karanta binciken da aka yi a kansa.

Zuwan intanet ya sauya lamarin. A shekarar 2000 hukumar binciken lafiya ta Amurka, wato NIH, ta buɗe rumbun PubMed Central, sannan Vitek Tracz ya kafa kamfanin BioMed Central a Landan. A 2002 wasu masana suka fitar da sanarwar Budapest, inda suka nemi a bar kowa ya karanta sakamakon bincike kyauta.

Sai dai aikin editoci da adana maƙalu na cin kuɗi. Saboda haka a 2002 BioMed Central ya fara karɓar dala 500 daga marubuci kan kowace maƙala. Ƙungiyar PLOS, wadda ta fara buga PLOS Medicine a 2004, ta soma da dala 1,500. A 2021 mujallar Nature ta sanya Yuro 9,500 ga mai son a buɗe maƙalarsa.

Wannan tsari ya haifar da illoli biyu. Ta farko, likitan da ke koyarwa a ƙasa irin Nijeriya, wanda ƙarin girmansa ya dogara ga buga maƙalu, dole ya nemo dala alhali albashinsa da naira ne. Wasu mawallafa kan yi rangwame, amma ba kowa yake samu ba. Ta biyu, tunda yawan maƙalu shi ne yawan riba, sai mujallun bogi suka yawaita. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika ƙagaggiyar maƙala kan maganin ciwon daji ga mujallu 304, kuma 157 suka amince za su buga ta.

A taƙaice, an rushe shingen da ke gaban mai karatu, aka gina wani a gaban marubuci. Idan likitocin da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau suka kasa buga abin da suka gano, ilimin likitanci ne da majinyata za su yi asara.