Bawul ɗin Tesla

Bawul ɗin Tesla wani bututu ne da ke barin ruwa ko iska su wuce ta fuska ɗaya cikin sauƙi, amma ya tsananta musu idan suka juyo baya. Injiniya Nikola Tesla ne ya ƙirƙiro shi. Ya nemi rajistar mallakarsa a Amurka a 1916, aka ba shi ranar 3 ga Fabrairu, 1920.

Babu murfi ko ƙwallo ko wani sashe mai motsi a cikinsa, jerin lanƙwasa ne kawai. Idan ruwa ya nufi gaba, sai ya miƙe abinsa. Idan ya komo, kowace lanƙwasa takan raba shi biyu, ta karkato da kaso ɗaya ya yi karo da ɗayan, sai gudun ya ragu sosai. Ba ya tsayar da ruwan ɗungurungum.

Masu fasahar halittu suna sassaƙa shi cikin ƙananan famfuna da na'urorin gwaji waɗanda hanyoyinsu ba su wuce kaurin gashi ba, domin ba shi da abin da zai karye. Binciken Jami'ar New York na 2021 ya nuna ya fi aiki idan ruwan yana zuwa da bugu-bugu.