Rama da Kwanciyar 'Yan Awaki a Kiwon Gida: Nazarin Sanadi da Matakan Jinya a Yankin Gadau

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilan da ke sa ɗan akuya ya rame har ya kwanta a kiwon gida na Gadau, cikin ƙaramar hukumar Itas/Gadau ta masarautar Katagum. An ɗora abin da likitancin dabbobi ya tabbatar a kan yadda ake kiwo a yankin. Sakamakon ya nuna cewa watannin ɗan akuya da lokacin shekara su ne ke fara nuna sanadin ciwo, kuma ɗumi da ruwa da nono suna gaba da allura.

1.0 Gabatarwa

A ƙauyukan Gadau da Azare, akuya asusun mace ce. Da ita ake yin kayan ɗaki, a sayi magani, a fita kunyar biki. Jar akuyar Sakkwato da ta Sahel su aka fi kiwo. Da rani a sake su su yi yawo, da damina a ɗaure su a turke saboda shuka. Ɗan jar akuya kan zo duniya da nauyin kilo 1.5 zuwa 2, don haka zawon kwana biyu ya isa ya kayar da shi.

2.0 Sanadi bisa Watanni da Lokaci

2.1 Makon farko. Babban sanadi shi ne rashin samun dakashi, wanda ke ɗauke da garkuwar uwa. Ɗan akuya na buƙatar kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a yinin farko, domin bayan awa 24 hanjinsa ya daina tsotse garkuwar. Tagwaye da 'yan uku da aka haifa cikin hunturu, lokacin da uwa ke fama da ƙarancin abinci, sun fi shiga haɗari.

2.2 Mako uku zuwa wata biyar. A nan ƙwayar Eimeria ce ke lalata bangon hanji, ta kawo zawo mai duhu, wani lokaci da jini. Tana yaɗuwa a turke mai danshi inda kashi ke gauraya da abinci. Maganin tsutsa ba ya kashe ta. Amprolium ko magungunan sulfa ake ba ɗan akuyan.

2.3 Bayan fara kiwo, da damina. Tsutsar Haemonchus contortus tana shan jini a ɓangare na huɗu na cikin dabba, kuma macenta na zuba dubban ƙwai kullum. Alamarta ita ce cikin fatar ido ya yi fari, ƙasan haɓa kuma ya kumbura, sau da yawa ba tare da zawo ba. Ma'aunin FAMACHA, da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu, yana kasa launin fatar ido daga 1 zuwa 5 don gane wanda ke buƙatar magani.

2.4 Annobar PPR. Zazzaɓi, majina, kwantsa, gyambon baki da zawo, su ne alamunta, kuma takan bi sabuwar dabbar da aka sayo a kasuwa. An fara bayyana cutar a Kwaddibuwa a 1942, sannan a 2015 hukumomin FAO da OIE suka ƙaddamar da shirin kawar da ita nan da 2030. Ba ta da magani. Cibiyar NVRI da ke Vom tana sarrafa rigakafinta.

3.0 Matakan Jinya

A ware marar lafiya a busasshen wuri. Zafin jikin lafiyayye yana tsakanin digiri 38.5 da 39.7. Idan cikin bakin marar lafiya ya yi sanyi, a ɗumama shi tukuna. Ɗura wa wanda ba ya iya haɗiya kan tura nono cikin huhu. Mai zawo a ba shi ruwan gishiri da gulukos kaɗan-kaɗan, domin jaririn akuya ba ya narkar da sukarin shayi sosai, kuma kada a yanke masa nono. A rataye shi a buhu a auna shi da sikeli kafin magani, saboda ba da magani ƙasa da awo shi ke sa tsutsa ta daina jin albendazole. Da ya farfaɗo, a fara da harawar wake ko ta gyaɗa, dusa kuwa 'yar kaɗan, gudun kumburin tumbi. Uwa ma a ƙara mata harawa da 'ya'yan gawo don nono ya kawo.

4.0 Kammalawa

Rama alama ce mai sanadi iri-iri, allura ɗaya ba ta wadatar da su. Maƙalar ta ba da shawarar a riƙa share turke da sauya masa wuri da damina, a keɓe sabuwar dabba na mako uku, a yi wa 'yan awaki rigakafin PPR daga wata huɗu. Ana kuma kira ga malaman dabbobi da masu bincike na jami'ar da ke Gadau su kai wannan ilmi ga mata a cikin gidaje, tunda su ke riƙe da kiwon.