Gadon Iri: Me Ya Sa Irin da Ka Ajiye Yake Rikiɗewa?

Kowace shuka tana ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayoyin halittarta. Su ne ke tsara tsayin kara, launin tsaba, saurin nuna da juriya ga fari ko wuta-wuta. Rabi daga uwa suke zuwa, rabi daga uba. Uban shi ne bununi, wato garin furen da iska ko ƙwari ke kai wa wata shuka.

Dokar Mendel

A 1866 Gregor Mendel ya wallafa gwajin da ya yi da wani irin wake na Turai. Ya haɗa dogo da gajere, sai 'ya'yan farko duk suka fito dogaye. Da ya shuka irinsu, cikin kowane huɗu kusan uku dogaye, ɗaya gajere. Halin gajarta bai ɓace ba, ɓuya ya yi, don halin tsayi ya fi shi rinjaye.

Iri mai aure

Wannan doka ita ke aiki a masara mai aure. Kamfani ya haɗa iyaye biyu zaɓaɓɓu, don haka shukar farko takan fito bai ɗaya, ga yabanya mai ƙarfi. In ka ajiye tsabarta ka shuka baɗi, halayen da suka ɓuya za su bayyana: wata doguwa, wata tsigi, goyo ƙanana, amfani ya ragu ko da ka zuba taki. Irin wannan, sabo ake saya kowace damina.

Wanne za ka iya ajiyewa?

Wake da gyaɗa kansu suke yi wa barbara, furen ɗaya ne uwa da uba. Irin SAMPEA da SAMNUT na Cibiyar IAR da ke Samaru, Zariya, za ka iya ajiye su, muddin ba ka bari sun cakuɗe wajen sussuka ko a buhu ba. Dawa ma yawanci haka take, sai dai takan ɗan karɓi bununin maƙwabta.

Gero da masara kuwa iska ce ke aurar da su. A ƙasar Ɗambatta, Bichi da Minjibir, inda gona ke jikin gona, geron SOSAT da ka shuka zai iya karɓar bununin geron maƙwabcinka. Shi ya sa bayan 'yan shekaru yake fara rasa saurin nunarsa.

Abin da za ka yi

Ɗebi iri daga tsakiyar gona, ban da gefe. Zaɓi zangarniya masu lafiya tun suna tsaye, kuma daga shuke-shuke da yawa. Tuge duk wadda ta fita daban kafin ta yi bununi. Sabunta irin gero da masara marar aure duk bayan damina biyu ko uku.

'Yan ƙungiya, in gonakinku na haɗe, ku shuka iri ɗaya a lokaci ɗaya. Kafin ka biya kuɗin iri, duba takardar shaida a jikin buhu, ka tambayi dillali ko malamin gona na KNARDA: mai aure ne ko marar aure?